Rasuwar Gimbiya a Hannun Mai Wankin Inji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da har yau bai bar ni na ci tuwo da daɗi ba, ni Na'Allah direba, mutumin Dauran ta ƙasar Zurmi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk direbobin tashar Kaura Namoda rasuwar motata, farar a-kori-kurar nan da aka fi sani da Gimbiya. Ta rasu ranar Talata bayan la'asar, tsakanin Kaura da Dauran, da mutum tara a bayanta. Limamin unguwarmu ya riga ya tuna mini cewa ƙarfe ba ya da rai, don haka kada wani ya wahalar da kansa ya sake faɗa mini.

Shekara ashirin da ɗaya muka yi tare da marigayiya. Ta kai gero da dawa kasuwar Shinkafi, ta dawo da gishiri da manja. Ta ɗauki amare, ta ɗauki gawa, ta ɗauki raguna da masu raguna. Akwai wani saurayi a Birnin Tsaba da aka haifa a bayanta kafin mu kai asibiti, har gobe Ɗan Mota ake ce masa. Da safe in na murɗa makulli sai ta ce "kir, kir, kir", ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta ce "gwam!" ta kama. Ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba. Tana da halinta, ban ɓoye ba: in damina ta yi nisa sai an tura ta, kuma ƙofar hagu da igiya take rufuwa. Wa ya tsufa ba tare da tasa igiyar ba?

Ciwon ajalinta ba wani ciwo ba ne. Salansa ce ta fara fitar da baƙin hayaƙi, ta kama shan fetur fiye da ƙa'ida, in ta zo hawa ta yi tari. Likitanta na kullum, Malam Abdulhamid bakanike na Kaura, da ya ji irin wannan sai ya kwance kafireta ya wanke, ya goge fulogi, ya ƙwanƙwasa salansa baƙin ya zube, ya kasa kunne ya saita ta, duk kafin shayinsa ya huce. To, sai aka yi rashin sa'a, ya tafi Gusau an yi masa aikin ido.

Nan ne Mubashir ya shigo. Mubashir mijin ɗiyata Nazifa ne. Ya yi wata shida a Kaduna, ya dawo da wata 'yar na'ura mai wutsiyar waya, ya buɗe shago a Kaura ya kafa allo wai wankin inji na zamani. Ya zo har zaure ya durƙusa ya ce, "Baba, wagga mota ba ciwo gare ta ba, datti na. In na wanke mata ciki, sai ka ce yau ta hito kamfani." Bayan ya fita Nazifa ta same ni, ta ce, "Baba, don Allah ka ba shi. In an ga motarka gaban shagonsa, mutane za su yarda da shi." Ɗiya ta roƙi uba, me zai ce? Na miƙa makulli da hannuna, kuma wannan hannun ma ban yafe masa ba.

Ina tsaye Mubashir ya yi rabin awa yana laluben inda zai soka na'urarsa. Motar da aka ƙera tun ba a haife shi ba, ina za ta sami ramin kwamfuta? A nan ya kamata na karɓi abata na tafi, amma kunyar surukuta ta ɗaure mini baki. Ya tsiyaye baƙin mai, ya cika mata ciki da kananzir da wani ruwa na gwangwani, ya tayar da ita, ya taka totur har ƙasa. Tunda nake da Gimbiya ban taɓa jin wannan murya a bakinta ba: "waaaaa", kamar akuyar da aka take wa wuya. Da ya sake tsiyayewa, wani baƙin abu mai kauri ya zubo, 'yan kallo suka ce kai, aiki ya yi kyau. Ya yanka salansa ya kwashe abin da ke ciki ya liƙe da walda, ya murɗa kafireta yadda ransa ya ba shi, ya zuba sabon mai, ya goge hannu a wando.

Kwana biyu ta yi bayan haka. Ranar Talata muka taso daga Kaura, muna cikin tafiya jar fitilar mai ta kama. Kafin na sauka gefen titi ta ce "ƙwas, ƙwas, ƙwas", sannan "ƙwal". Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Duk wanda ke bin hanyar nan ya san abin da ake nufi da mota ta tsaya a wannan dajin rana na shirin faɗuwa. Mata suka ɗora kayansu a ka. Sa'ida matar maƙwabcina ta toshe bakin jaririyarta da nono don kada ta yi kuka. Inna Saliha, tsohuwar da ta je Kaura karɓo maganin gwiwa, ta zauna a ƙasa ta ce mu tafi mu bar ta, ita ta riga ta ci zamaninta. Ni na goya ta, da shekaruna sittin da ɗaya. Fiye da awa guda muna tafiya, duk ƙarar babur da muka ji daga nesa sai mu faɗa cikin dawa don tsoron 'yan bindiga. Allah Ya tsare, ba mu gamu da kowa ba. Amma rai tara na ɗauko amana, kuma saura ƙiris na kai su inda sai dai a ji labari, saboda wani ya koyi sana'a a wata shida.

Washegari Jatau mai tarakta ya taimaka muka jawo ta Kaura. Kafin mu isa inda take an cire batir da taya biyu, gawa ma ba a ƙyale ta ba. Malam Abdulhamid ya dawo daga Gusau, ya fito da bandeji a ido, ya sa aka buɗe ƙasan injin, ya lalube shi da yatsu. Ya ce dattin da kananzir ya ɓamɓaro shi ya toshe famfon mai, injin ya yi ta gudu a bushe har ya tsage, kuma wannan ba ya gyaruwa. Ya tambaye ni, "Na'Allah, wa ya yi maka wanga aiki?" Na ce, "Na gida na." Ya ce, "To, Allah shi ba ka haƙuri sau biyu."

Mubashir ya zo gaisuwa. Ya durƙusa ya ce, "Baba, sai haƙuri, dama ta tsufa, kwananta ne ya ƙare." Kwananta! Shekara ashirin da ɗaya kwanan nata bai ƙare ba sai da ya ga kananzir. Ban tanka masa ba, domin suruki ne, kuma Nazifa na bayan ƙofa tana kuka. Abin da bakina ya kasa shi ne alƙalami yake yi yanzu. Direbobin Kaura da Shinkafi da Zurmi, duk wanda motarsa ta yi hayaƙi ya kai ta wurin mai kunne, ya jira shi ko wata guda ne.

Marigayiya ta bar ni, ta bar maiɗakina Kulsumu da jikoki huɗu da ke ci a bayanta. Ta bar safaya taya ɗaya, jak ɗaya, da jarkar ruwan da ba ta taɓa rabuwa da ita ba. Ta bar manoman Dauran da buhunansu a bakin titi.

Za a yi mata sutura ranar Asabar da hantsi a bayan garejin Malam Abdulhamid, inda masu sayen tsohon ƙarfe za su zo da wutarsu su yanka ta. Ba zan tsaya kallo ba. Za a karɓi gaisuwa a gidana na Dauran har kwana uku. Nazifa ta zo da yara, tuwonta na nan. Daga ranar Litinin kuma za a same ni a tashar Kaura ina yi wa motocin wasu lodi. Wanda ya gan ni ina kiran "Zurmi, saura mutum ɗaya", ya yi mini sallama kawai ya shiga ya zauna.