Garkuwan Muhalli da Goɗiyar Surukinsa

Duk wanda ya shaƙi iska mai daɗi yau, ya kamata ya je ya gode wa manajan gonar dawaki, wanda ya naɗa kansa Garkuwan Muhalli. Ba don shi ba, da tuni roba ta shaƙe mu.

A gonar, ba a haɗa goɗiya da ingarma. Irin ingarman, wato maniyyinsa, ake kawowa cikin sanyi, likitar dabbobi ta sa doguwar safar leda har kafaɗa, ta ɗura wa goɗiya da siririn bututun roba, a gama a yar. Wannan sharar ce ta hana Garkuwa sukuni. Ya sayo kwalin safa da bututu na sitaci, masu ruɓewa da kansu. Tsofaffin kuwa ya yi musu jana'iza a bayan ofis, har da allo a kan kabarin.

"A nan na binne jahilci," in ji shi.

Tun daga ranar, baƙo bai isa ya shiga ofishinsa ya fita haka nan ba. Sai Garkuwa ya jona butar shayi, ya zaro bututu ɗaya, ya tsoma a tafasasshen ruwa, ya harɗe hannu yana kallon rufi har abin ya narke ya zama kunu. Ya nuna wa 'yan makaranta. Ya nuna wa mai gyaran fanka. Wani da ya shigo tambayar hanya ma sai da ya kalla sau biyu.

Ana nan surukinsa ya kawo goɗiyarsa. Ta tsufa, likita ta ce bana ce kaɗai ta rage mata, shi kuwa tsohon ba abin da yake so irin ya ga duƙushinta kafin ƙarfinta ya ƙare. Garkuwa ya durƙusa ya ce, "Baba, ai kamar ta haihu. Jikanta ma a tsaftatacciyar duniya zai yi sukuwa."

Ranar da goɗiya ta shirya, iri ya iso, kuma ba ya kwana. Likita ta buɗe kwali ta tarar bututu ɗaya tak ya rage. Ta ajiye shi, ta tafi wanke hannu. Daidai nan wata 'yar jarida ta yi sallama da kyamara a wuya.

A yi wa Garkuwa adalci, ya yi kokawa da zuciyarsa. Ya dubi turke, ya dubi kyamara. Sannan ya jona buta.

Da likita ta dawo neman bututu, aka nuna mata shi a kofi, ya zama kunu. Babu inda za a samo wani kafin gobe. Garkuwa ya tuɓe kwat, ya ɗauki shebur, ya tone jahilcin da ya binne. Ga shi nan garau, ko kwarzane babu, sai dai cike da laka da tsutsa. Likita ta ce ko maƙiyinta ba za ta sa wa wannan ba, balle dabbar mutane.

Iri ya mutu. Tsoho ya daɗe yana shafa wuyan goɗiyar, abin tausayi, sannan ya kwance ta. A bakin ƙofa ya waiwayo ya ce, "To, ka gaida duniya."

Garkuwa ya kakkaɓe gwiwa, ya gyara tsayuwa gaban kyamara, ya sanar cewa wannan ce barbara ta farko a tarihi da ba ta bar komai a bayanta ba.

Gaskiya ya faɗa. Ko duƙushi ba ta bari ba.