Shofajin Baba Agali

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan jikan Baba Agali ba, ko da kuwa na so mantawar, don mutanen Tasawa ba za su bar ni ba.

Ni mai gyaran wayar mota ne. Lakwal, wato makarantar boko, ban wuce aji uku ba, amma shekara ashirin da wani abu ina wannan aiki, har gashin kaina ya ƙare a ƙarƙashin sitiyarin mutane. Baba Agali kuwa tsohon direba ne, ya yi hanyar arewa tun ina tsumma. Yana da wata tsohuwar mota kat-kat da ta girmi matata, amma in ka ji ƙarar injinta sai ka ce jiya aka sauke ta. Da sanyi ya fara cin gwiwoyinsa, ɗansa ya aiko masa da shofaji, wato ɗan akwatin nan mai hura iska mai ɗumi a cikin mota. Ni aka kawo wa in ɗaura.

Na leƙa ƙarƙashin sitiyari, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Wayoyin duk ja ne, kala ɗaya, kowace da ƙulli a jikinta, wata ɗaya, wata biyu, wata uku. Ashe can baya wayoyin sun taɓa ƙonewa a daji, shi ya sake su kaf da naɗi guda na jar waya, yana ƙulla su don ya gane.

"Ɗan nan, tsaya in gwada maka ƙullin," in ji shi.

"Baba, je ka huta. Wannan ai aikinmu ne." (Har da ɗaga masa hannu, Allah Ya yafe mini.)

Ya ja sandarsa ya tafi.

Tiyon ruwan zafi na haɗa shi tsaf, wannan ba wanda zai kushe. Saura wuta. Na ɗauko ƙwan fitilar gwaji na taɓa wata waya mai ƙulli biyu, ƙwai ya kama. Na ce shi ke nan, na jona, na naɗe. Kunna shofajin in gani? Ban yi ba. Wai ni babba ne.

Washegari, ranar sunan, da sassafe na kai motar ƙofar gidansa. Maza sun cika tabarmi, kowa ya duƙunƙune a bargo, ga rago ɗaure a gindin bishiyar bedi. Sai shaiɗan ya ba ni shawara: ka ɗumama motar yanzu, in an shafa fatiha tsoho ya shiga a gaban jama'a, kowa ya san wa ya yi aikin. Liman ya gyara murya zai faɗi sunan jariri, ni kuma na murɗa maɓallin shofajin.

Oda ta ɗauka. Ba ma irin odar kirki ba, wani kuka ne mai rawa kamar an taka wuyan jaki. Wayar da na jona ta oda ce. Na rikice, na murɗa don in kashe, ashe gaba na yi, kukan ya ƙaru. Na sake murɗawa da ƙarfi, maɓallin ya fito a hannuna. Na zare makulli, ko a jikinta. Rago ya tsinke igiya ya bi ta kan tiren goro. Liman dai na ga bakinsa na motsi, amma ba wanda ya ji suna.

"Kai mai waya, biki muka ce maka ana yi?" wani ya kwaɗa mini daga tabarma.

Baba Agali ya taso a hankali, da sandarsa da gwiwoyin nan nasa. Bai ko sunkuya ba. Ya zura hannu ƙarƙashin sitiyari, idonsa na kallon sama, yatsunsa na lalube. Ya fizge waya ɗaya. Tsit.

Na tsaya ina jiran zagi, don na ci a zage ni. Sai ya juya wajen jama'a ya ce, "Ku yi haƙuri. Ni na ƙulla wayoyin nan, duk duniya ba mai karanta su sai ni. Ko wa aka ba haka za ta yi mishi." Sannan ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji: "Mai ƙulli ukku, ɗan nan. Kuma ka sa mata fizibil, kar wuta ta ƙone ta."

Da maganar nan guda ya tsare mini sana'ata, don da ya ce uffan, da ko fitilar keke ba mai sake kawo mini. Da hantsi na gyara, yana zaune a kan benci yana faɗa ina bi kamar sabon shiga. Har yau shofajin na aiki.

Jaririn an ce Yusufa aka sa masa, amma matan gidan Mai Oda suke kiransa, kuma yanzu har ya fara amsawa. Ni dai tun daga ranar, in mai mota ya buɗe baki zai yi mini bayani, ajiye fensar yanke waya nake in saurara, ko da kuwa cewa zai yi tayar motarsa huɗu ce.