Rasuwar Kaset ɗin da Muka Yi Shekaru Muna Tafa wa Gawarsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuska mai cike da kunya, nake sanar da 'yan uwana masu tara tsofaffin finafinai rasuwar kaset ɗina, abin alfaharina, wanda saboda shi kuka naɗa ni shugaban ƙungiya.

Marigayi fim ne na gaskiya, ba na wasa ba, irin wanda ba ya neman burge kowa. An ɗauke shi a wata tashar jirgin ƙasa, kuma an ce kofensa a duniya ba su cika hannu ba. A iya zamanmu bai taɓa nuna mutum ko jirgi ba, sai farin yayyafi a allon talabijin. Bai taɓa ɗaga murya ba, iyakarsa "shiiii", wani lokaci "ƙirrr".

Duk wata nakan tara ku a falona mu kalle shi, takalma a ƙofa, waya a kashe. Ni na bayyana muku cewa yayyafin nan kaɗaicin ɗan Adam ne, har mai kemis ɗin layinmu ya zubar da hawaye. Matata kuwa tun ranar farko ta ce kaset ɗin ya lalace, na ce mata fasaha ba ta kowa ba ce.

Labarin jinyarsa ya fito makon jiya, da wani baƙo ya kawo nasa kofen muka saka. Jama'a, ashe akwai jirgi a fim ɗin! Akwai fasinjoji, har da wata tsohuwa mai shara tana waƙa. Muka buɗe cikin nawa, danshi ya cinye zaren tas. Tun kafin in saye shi ya cika.

Ya bar ni, da kwalinsa wanda nake gogewa kullum, da na'urar bidiyo da ta yi ta haɗiye shi ba ta tona mana asiri ba.

Za a yi jana'izarsa gobe da hantsi a kwandon shara na bayan kicin, bayan na miƙa kujerar shugabanci. Matata ce za ta karɓi gaisuwa, don ita kaɗai ta san da rasuwar tun ranar farko. Ina roƙon masu zuwa kada wani ya ce dama ya yi zargi. Kowa ya tuna a gabana ya yi tafi.