Barden Gada da Makina Talatin da Tara

Zuwa ga Shehunan Malamai na Kwamitin Duba Jarrabawa, Sashen Turanci, Allah ya ƙara wa jan bironku tawada.

Bayan gaisuwa da ladabi, ni ne dattijon nan mai gadin ma'ajiyar siminti, mai zama a kujerar baya a ajin ƙarshe. A jarrabawar tsohon adabin Ingilishi an ce mu yi sharhi kan wani barde na labarin shekara ɗari shida da suka wuce. Barden ya tare wata gada shekara tara yana jibgar duk mai wucewa, wai don wata gimbiya ta ji labarinsa. Na rubuta cewa mugun mai gadi ne. Aka ba ni talatin da tara, alhali da arba'in ake tsallakewa. Ga kokena, ranku ya daɗe.

Na ɗaya, wa ya ɗauke shi aiki? Sau uku na bi labarin da ƙamus har idona ya yi ruwa, ban ga wanda ya ajiye shi a wurin ba. Mai tare hanya ba a sa shi ba yana da suna, 'yan sanda sun san sunan.

Na biyu, malaminmu ya rubuta a gefen takardata cewa barden alama ce ta riƙon amana. Amanar wa? Matar da ta ɗauko ƙwai za ta kasuwa, ta tarar da ƙato cikin rigar ƙarfe, ita kuma alamar me ce? Shekara ashirin da biyu ina bakin ƙofa, ban taɓa tsire baƙo da mashi kafin in tambaye shi wajen wa ya zo ba.

Na uku, gimbiyar ko sunansa ba ta sani ba. Na ce wannan zaman kashe wando ne, aka ja mini layi biyu.

'Yar autata ajinmu ɗaya. Ita ta mayar wa malam maganarsa yadda ya ba ta, ta ci saba'in. Bana za ta sa rigar kammalawa, ni a bar ni riƙe da jakarta.

Ina roƙon a sake duba takardata. In kun ƙi, baɗi zan dawo in rubuta cewa barden waliyyi ne. Ku ba ni makina, alhakin ƙaryar a wuyanku.

Naku mai biyayya har ƙasa,
Baba Mai Gadi