Ranar da Na Kashe Turaren Malam Habu

Sati guda ke nan da aka koya mana kashe gobara a wurin aikinmu na filin jirgin Madina, har da takardar shaida. Ni kuwa ina ta jiran wutar da za ta gwada ni.

Ranar Juma'a na shigo ɗakinmu na unguwar Aziziya, sai ga hayaƙi yana fita daga ƙarƙashin jallabiyar Malam Habu, dattijon da muke zaune tare, an baza ta kan kujera. Ban tambayi kowa ba. Na fizgo tukunyar kashe gobara, na fesa daidai yadda aka koya mana.

Da farin garin da na fesa ya lafa, sai ga kasko. Ashe turara rigar yake yi.

Ya fito daga wanka, ya tsuguna, ya daɗe yana tona garin da yatsa.

"Ba komai, ɗana," ya ce. "Na ƙarshe ne cikin turaren da mai ɗakina ta haɗa mini kafin ta rasu."

Bai sake tayar da maganar ba. Amma sauran 'yan ɗakin, har yau ko shayi za a ɗora sai wani ya ɗaga murya: "Yalla, maza a riƙe Kwana-kwana, da zafi muke so!"