Yadda Ake Samun Kwalejin Jaz Mai Araha Ba Tare da Baba Ya Sayar da Shago Ba

Kai da ka tashi a Jidda kana busa saksofon, kana mafarkin shiga kwaleji a koya maka kiɗan jaz, amma aljihun mahaifinka ya ƙi yin mafarkin tare da kai, matso kusa. Wannan hanya ba ta taɓa ba da kunya ba. Duk wanda ya bi ta daki-daki zai samu kwaleji, ya samu makwanci, ya samu tuwo, kuma shago na nan daram. An gwada ta a kan Yazan, ɗan Alhaji Isha'aku mai sayar da akwatuna a unguwar Kurayyat, ga shi can Faransa yana karatu. Abu ɗaya yaron nan yake so a duniya: ya tsaya gaban malamin da ya san aikin, saksofon ɗinsa a hannu, ya busa a ce masa gyara nan.

1. Fara da kwalejin da ba za ka taɓa shiga ba

Buɗe waya ka nemo makaranta mafi tsada a Amurka, ka kai wa mahaifinka da rana tsaka, lokacin da babu ciniki. Haka Yazan ya yi. Alhaji Isha'aku ya sa tabarau ya dubi kuɗin, ya cire ya goge da bakin riga, ya sake dubawa.

"Wannan kuɗin karatu ne, ko makarantar suka sa a kasuwa?"

"Na shekara ne, ya Baba."

"To me za su koya maka?"

Yazan ya yi bayani cewa shi jaz yawancinsa ba a rubuce yake ba, nan take mai busa yake ƙirƙirarsa.

"Wato in biya su, kai kuma ka ƙirƙira. Su mene ne aikinsu?"

Kada ranka ya ɓaci. Mutumin nan ba mugu ba ne, shagonsa na farko ya tafi da rusau ɗin unguwar Karantina, wannan ɗin kuma bai gama tsayawa da ƙafarsa ba. Amfanin matakin shi ne, bayan wannan firgita, kowane kuɗi ka ambata zai ji shi kamar kuɗin shayi.

2. Daina neman makaranta, nemi kawu

Masana za su ce ka duba ingancin malamai da ɗakunan atisaye. Rabu da su, ba su da dangi. Mu nan ba a zaɓen gari sai an tabbatar akwai katifar ɗan'uwa a cikinsa. Kwaleji mafi inganci a duniya ita ce wadda ake zuwa da ƙafa daga gidan kawunka.

Saboda haka kai maganar gaban mahaifiyarka. Hajiya Munira, uwar Yazan, tana tsinke ganyen molohiya na miya ta zagaye duniya ba ta tashi daga kujera ba. Kawun da ke Kanada ya yi aure, matar ba ta son baƙi. Na Masar shi kansa a gidan wani yake. Sai ta tsaya a kan yayanta Ousmane, wanda ya daɗe a wani ƙaramin gari a arewacin Faransa.

Yazan ya duba, ashe garin na da kwalejin gwamnati mai sauƙin kuɗi, har da sashen jaz, da wani tsohon malami mai busa saksofon. Ya saurari busar tsohon a waya, ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Ranar ya yi murna ta gaskiya, har ya sumbaci kan mahaifiyarsa.

3. Ɗauki bidiyon gwaji inda maƙwabta ba za su kira 'yan sanda ba

Kwalejin za ta nemi ta ji busarka. Shiga sito bayan shagon Baba, tsakanin akwatuna, ka kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, don kada ƙugin sanyinsa ya shiga cikin kiɗan. Za ka yi gumi kamar an tsamo ka daga teku. Bar shi, Turawa za su ɗauka tsabar shauƙi ne. Da wannan bidiyon aka ɗauki Yazan.

4. Faɗa wa kawu gaskiya, amma kada ka cika masa ciki da ita

Ga ɗan ƙaramin cikas. Kawu Ousmane mutum ne da ko talla aka sa mai kiɗa sai ya kashe talabijin. Shi ke jan salla a masallacin unguwarsu. Kada ka kira shi da kanka, bar wa ƙanwarsa.

"Yaya, ɗanka ne zai zo karatu wajenku."

"Madalla. Karatun me?"

"Harkar sauti."

"Injiniya ke nan?"

"Kusan haka, Yaya."

Da ta ajiye waya Yazan ya ce, "Umma, wallahi zai gane. A gidansa fa zan zauna."

"Halas, ya isa haka, ka yi shiru. Kai dai ka yi busarka a makaranta, ka dawo gida da fuskar injiniya."

5. Haɗa tsaraba, ita ce kuɗin hayarka

Duba iƙamarka, wato takardar izinin zama, da bizar fita da dawowa, wannan aikin minti kaɗan ne. Babban aiki shi ne tsaraba, domin ba a barin Jidda hannu sake. Dabino, turaren wuta, abayoyi na matar kawu, carbi na mutanen masallaci, darduma ta mai gida. Maƙwabtan da ba ka taɓa gaisawa da su ba za su tuna suna da wata ƙanwa a Faransa, su kawo ƙunshi.

Saura saksofon. Jakarsa kowa ya gan ta ya san ba ta injiniya ba ce. A nan Alhaji Isha'aku ya nuna shi masanin akwati ne. Ya zaro ƙahon daga jakarsa, ya naɗe shi cikin sabuwar darduma mai kauri, ya kwantar da shi a tsakiyar akwatin tsaraba, ya tottoshe gefe da abayoyi don kada ya bugu. Da hannunsa ya yi, a hankali, kamar mai kwantar da jariri.

"Je ka koya," ya ce, bai ɗago kai ba. "In ka dawo ka busa mini. Ko ban gane ba zan saurara."

Yazan ya ji ƙaunar mahaifinsa ta cika masa ƙirji, sai ya taya shi danne murfin akwatin.

6. Bar mai gida ya buɗe kaya, haka al'ada ta ce

Kowa ya sani akwatin tsaraba ba baƙo ke buɗe shi ba. Mai gida ke buɗewa, a falo, gaban iyali, kuma duk abin da ya fito daga ciki ya zama kyauta. Isha'aku ya sani, Munira ta sani, Yazan ya sani, kuma su duka suka manta.

Yazan bai gama shan ruwan maraba ba Kawu Ousmane ya jawo akwatin ya yi bisimilla. Dabino ya fito, aka sa albarka. Abayoyi suka fito, matarsa ta gwada a kafaɗa. Sai ya ɗago darduma ya ji ta da nauyi. Ya warware, ƙahon tagulla ya bayyana yana ƙyalli.

Mutumin da ya kwashe rabin rayuwarsa a Faransa ya san saksofon sarai. Ya dubi ƙahon, ya dubi Yazan, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya yi murmushi.

"Masha Allah. Ashe Isha'aku bai manta ina son kayan ado na tagulla ba."

Nan take ya kira Jidda ta bidiyo, ya ɗaga ƙahon gaban waya yana zuba godiya. Alhaji Isha'aku ya yi lissafi nan take. In ya ce ba kyauta ba ce, ya ƙaryata matarsa gaban yayanta, yaro kuma ya rasa makwanci a ƙasar da bai san kowa ba.

"Ba komai, Alhaji," ya ce. "Ai kun fi ƙarfin haka a wurinmu."

Kafin la'asar Kawu Ousmane ya kafa ƙusoshi a bango, ya rataye saksofon a saman talabijin.

7. Zauna ka more arahar

Yanzu dubi nasarar da aka samu. Kuɗin makaranta kaɗan, haya babu, abinci kyauta. A falon nan Yazan yake shimfiɗa katifarsa, daidai ƙarƙashin ƙahonsa. Matar kawu tana goge shi duk Juma'a, bai taɓa yin ƙyalli irin na yanzu ba. Da safe yaron ya tafi kwaleji hannu rabbana, ya bi layin aron wani tsohon saksofon na makaranta da maɓallansa ke maƙalewa. Malamin ya tambaye shi ina nasa, ya ce yana gida, kuma bai yi ƙarya ba.

Da abin ya ishe shi ya fita bakin titi ya kira mahaifinsa.

"Ya Baba, don Allah ka ce ya ba ni. Kai kaɗai za ka iya."

Alhaji Isha'aku ya amsa a hankali.

"Yazan, tunda nake ban taɓa ba mutum abu na ce ya dawo da shi ba. Ban san yadda ake faɗarsa ba." Muryarsa ta yi rauni. "Ka yi haƙuri, ni na naɗe shi."

Yazan ya kira ne da fushi, amma tausayin tsohon ya fi ƙarfin fushin. Ya ce ba komai, karatu na tafiya lafiya. Ya share ido, ya koma ciki, ya gaida kawunsa da ke zaune ƙarƙashin ƙahon yana cin dabino.

A kula

Mai wannan shawara ba ruwansa da duk abin da ya biyo baya, ko a falo ko a bango. An yi maka alkawarin kwaleji da makwanci da tuwo, kuma ka samu. Koma sama ka karanta da kyau, babu inda aka ce za ka busa.