Ranar da na ƙwanƙwasa yumɓun Baitaliye

Wallahi ko zan manta komai na Dubai, ba zan taɓa mantawa da wannan ba. Lokacin ina watannin gwaji a wani shagon kayan tarihi a unguwar Port Saeed, bizata kuma tana hannun Madam, 'yar Labanan mai shagon. In ta sa hannu na zauna, in ta ƙi na koma Kano sayar da data.

Abin taƙamar shagon wani allo ne na gasasshen yumɓu, an fito da siffar mata uku a jikinsa, sun yafa zannuwa irin na Girkawan da, ɗaya tana tsiyaya ruwa. Wani Baitaliye ne ya yi shi, ya mutu tun ba a haifi kakan kakana ba. In Madam tana zancensa sai ka rantse kawunta ne. Wai da hannu ya bi kowane ninkin zane, har ga shatin babban yatsansa a gefe. (Ni dai a raina cewa nake, yumɓu ne fa. Randar kakata ta fi shi amfani.)

Ran nan wani dattijon Balarabe ya zo saye. Ya duba, ya duba, ya ce, "Lafiyarsa ƙalau?"

Kafin Madam ta buɗe baki, ni uwar iyayi na riga ta. Ai duk wadda aka taɓa aika sayen tukunya ta san yadda ake yi. Na lanƙwasa yatsa, ƙwas ƙwas ƙwas, daidai gwiwar ta tsakiyar. Har da kara kunne.

Na girgiza kai. "Baba, akwai tsaga. Sai an rage maka."

Fuskar Madam ta koma kalar allon.

"Habibti," ta ce a hankali, "tsagar nan tun daga wutar gashi allon ya fito da ita, kowa ya san da zamanta. Ni kaina sai da safar hannu nake taɓa shi."

Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki. "Yalla, 'yata, ƙwanƙwasa min Madam ɗin ma, mu ji ko za ta rage!"

Da ƙasa ta tsage da na shige.

Ya dai saya. Madam ta sa hannu a biza, amma ta mayar da ni can ƙurya gaban kwamfuta, inda babu abin fashewa sai ni.

Abin da na koya? Tsaga a Kano aibi ce, in ta tsufa a Turai ta zama tarihi. Kuma hannun da bizarsa ba ta fito ba, aljihu ne mazauninsa.